Wanda Ya Gada da Wanda Ya Kafa: Malaman Waƙar Yara a Kan Sikeli

Malamin da ya zaɓi koya wa yara waƙar haɗin murya ta zama sana'arsa, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya nemi kujera a wata tsohuwar ƙungiya da ta riga ta kafu, da gininta da albashinta da dokokinta, ko kuma ya tara yaran unguwa ya kafa tasa daga tushe. In an hango su daga nesa aikin ɗaya ne: mutum a tsaye ya ɗaga hannu, yara hamsin ko ɗari sun zuba wa yatsunsa ido. Amma irin rayuwar da kowace hanya ke bai wa mai bin ta daban ce ƙwarai. Birnin Leipzig na ƙasar Jamus yana da misalin hanyar farko. New York ta Amurka da lardin Limpopo na Afirka ta Kudu suna da misalan ta biyu.

Ƙungiyar yara mawaƙa ta cocin Thomas da ke Leipzig, wadda ake kira Thomanerchor, ta samo asali tun 1212. Yara maza ne zalla, kusan 90, daga ɗan shekara 9 zuwa 18, suna kwana a makaranta, suna karatun boko kamar sauran ɗalibai, kuma a lokacin zangon karatu suna rera waƙa a coci ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi. Jagoransu ana kiransa Thomaskantor, kuma majalisar birni ce ke naɗa shi. Wanda ya fi shahara a kan wannan kujera shi ne Johann Sebastian Bach, wanda ya riƙe ta shekara 27, daga 1723 har rasuwarsa a 1750.

Yadda Bach ya samu aikin ma darasi ne. Ba shi majalisar ta fara so ba. Ta zaɓi Georg Philipp Telemann, sai birnin Hamburg ya ƙara wa Telemann albashi, ya fasa zuwa. Ta koma kan Christoph Graupner, sai uban gidansa na Darmstadt ya hana shi tafiya. Daga nan ne aka waiwayi Bach, yana ɗan shekara 38. Takardar da ya sa wa hannu ta ɗora masa kula da waƙoƙin coci-coci huɗu na birnin, da koyar da yara waƙa, da koyar da harshen Latin, kuma ba zai bar gari ba sai da izinin magajin gari. Darasin Latin ɗin dai ya nemi wani malami ya riƙa yi masa, yana biyansa daga aljihunsa.

Abin da kujerar ta ba shi ba kaɗan ba ne. Ta ba shi masauki a cikin ginin makarantar, da gurbin karatu mai kyau ga 'ya'yansa maza, da mawaƙa a hannu kowace rana, da masu sauraro kowace Lahadi ba tare da ya buga talla ba. Wannan tilas ta mako-mako ita ce ta fitar da aikin da duniya ke ji har yau: a shekarunsa na farko a Leipzig kusan kowane mako sai ya tsara sabuwar waƙar ibada ta Lahadi, kuma kimanin 200 daga cikin irin waɗannan ayyuka nasa sun tsira zuwa zamaninmu.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A watan Agusta na 1730 Bach ya rubuta wa majalisar birni takardar koke, inda ya kasa ɗalibansa kashi uku: 17 da za a iya aiki da su, 20 da ba su kai ba tukuna, da 17 da ya ce ba su da amfani a waƙa. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ke da ta-cewa a kan yaran da ake ɗauka ba. A wannan shekarar ya rubuta wa wani tsohon abokinsa, Georg Erdmann, yana neman ya taya shi cigiyar wani aiki. Kuɗin shigarsa kusan taler 700 ne a shekara, amma tsayayyen albashin ɗan kaɗan ne a ciki, mafi yawa daga ladan waƙar jana'iza da ɗaurin aure yake fitowa, har ya koka cewa shekarar da aka samu lafiya a gari, mace-mace suka ragu, ya yi asarar sama da taler 100. A 1736 kuma ya shiga doguwar taƙaddama da shugaban makarantar, Johann August Ernesti, a kan wa ke da ikon naɗa manyan ɗaliban da ke jagorantar 'yan uwansu a waƙa. Bayan rasuwar Bach, matarsa Anna Magdalena ta ƙare rayuwarta cikin talauci, ta rasu a 1760 tana karɓar tallafin birni.

Yau sharuɗɗan sun gyaru, amma tsarin yana nan. Georg Christoph Biller, wanda shi kansa ya yi yarinta a cikin ƙungiyar, ya riƙe kujerar daga 1992 zuwa 2015. Gotthold Schwarz ya biyo baya, sannan a 2021 aka naɗa Andreas Reize, ɗan ƙasar Suwizalan, na 18 bayan Bach. Duk wanda ya hau, ya san abin da ake jira daga gare shi: ya raya ayyukan Bach, ya cika jadawalin coci, ya miƙa ƙungiyar ga na bayansa ba tare da ta lalace a hannunsa ba. Irin waɗannan kujeru kaɗan ne a duniya, kuma mutum ɗaya na iya zama a kai shekara ashirin ko fiye. Mai sha'awarta sai ya yi dogon karatun kiɗa, ya yi shekaru yana jagorantar ƙananan ƙungiyoyi, ya kuma yi haƙurin jira.

Francisco Núñez bai jira ba. An haife shi a New York a 1965, iyayensa 'yan asalin Jamhuriyar Dominikan, ya tashi a unguwar Washington Heights. Ya koyi kaɗa fiyano tun yana ƙarami, kuma wannan ne ya haɗa shi da yaran masu hali waɗanda da ba don kiɗa ba, ba abin da zai sa su gaisa. Daga nan ya samo tunaninsa. A 1988, bayan ya gama karatu a Jami'ar New York, ya kafa Young People's Chorus of New York City a ƙarƙashin ƙungiyar agajin yara ta Children's Aid Society. Manufarsa ita ce ya jera ɗan talaka da ɗan mai kuɗi, baƙi da fari da ɗan baƙin haure, mace da namiji, a sahu ɗaya, kuma ya nemi ƙwarewa daga gare su duka ba tare da sassauci ba.

Abin da Bach ya yi ta nema bai samu ba, Núñez ya same shi tun ranar farko. Shi ke zaɓar yara, shi ke zaɓar abin da za a rera. Da ya ga sabbin waƙoƙi masu nauyi da aka tsara domin muryar yara sun yi ƙaranci, sai ya ƙirƙiro shirin Transient Glory a 2001, yana ba manyan masu tsara kiɗa na zamani kwangilar su rubuta wa yaransa, cikinsu har da John Corigliano da Meredith Monk. A 2011 ya samu kyautar gidauniyar MacArthur, wadda a lokacin ta kai dala 500,000. A 2015 yaransa suka rera waƙa a gaban Fafaroma Francis a wurin tunawa da harin 11 ga Satumba. Yanzu ƙungiyar na kaiwa ga yara wajen 2,000 a shekara, har da waɗanda ake koya wa a makarantun gwamnati na birnin.

Amma 'yancin nan da tsadarsa. Wanda ya kafa ƙungiya ba malamin waƙa kaɗai ba ne. Shi ne mai neman ɗakin atisaye, shi ne mai lallashin iyaye, shi ne mai bin attajirai da gidauniyoyi domin kuɗin shekara mai zuwa. Magajin kujerar Leipzig yana da ubangida ɗaya, wato majalisar birni, ya san halinta, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mai kafa tasa iyayen gidansa da yawa suke, kowa da abin da yake son gani kafin ya sa hannu a aljihu, kuma babu wanda doka ta tilasta wa ya sake bayarwa baɗi. Núñez ya yi nasara shi ya sa muka san sunansa. Takwarorinsa da ƙungiyoyinsu suka watse bayan mai tallafi ya janye, ba wanda ya rubuta tarihinsu.

Labarin Ndlovu Youth Choir ya nuna wata fuskar. An kafa ta a 2009 a yankin Moutse na Limpopo, ƙarƙashin Ndlovu Care Group, cibiyar da likita ɗan ƙasar Holan, Hugo Tempelman, ya assasa a 1994 domin kula da lafiyar mutanen karkara. Jagoran ƙungiyar mawaƙan, Ralf Schmitt, ya yi yarintarsa a makarantar yara mawaƙa ta Drakensberg, wato ya sha tarbiyyar tsohuwar hanya sannan ya kai ta inda babu ita. An fara ne a matsayin shirin bayan tashi daga makaranta domin marayu da yara masu rauni. Kusan shekara tara ana aiki ba wanda ya san su a waje, sai wani bidiyo da suka yi da mabushin sarewa Wouter Kellerman ya bazu a intanet a 2018, a 2019 kuma suka kai zagayen ƙarshe na gasar America's Got Talent. Wannan ɗaukaka ta kawo kuɗi da tafiye-tafiye. Ta kuma ɗora wa malamin wani nauyi da ba ya kan Thomaskantor: yaransa da yawa sun fito daga gidajen da ke buƙatar abin da waƙar za ta kawo, don haka dole ya riƙa auna tsakanin fagen wasa da aji.

Idan aka ɗora hanyoyin biyu a sikeli, kowace na da inda ta rinjaya. A zurfin horo, ta gado ce a gaba. Yaron da ke kwana a makaranta, yana atisaye kullum, yana tsaye kusa da wanda ya girme shi da shekara takwas, yana koyo daga na gefensa kamar yadda yake koyo daga malam. A faɗin hannu kuwa, ta kafawa ta yi nisa. Yara 90 maza a gefe ɗaya, dubbai maza da mata a ɗaya gefen, kuma da yawansu ba su taɓa mafarkin shiga makaranta irin ta Leipzig ba. A kwanciyar hankalin malam, ta gado ta fi. A ikon yin abin da ransa ke so, ta kafawa ta fi.

Akwai kuma abin da ya haɗa su, wanda shi ne asalin wahalar sana'ar. Jagoran ƙungiyar manya na iya riƙe mawaƙinsa shekara talatin. Jagoran yara kuwa, duk wanda ya horar sai ya rabu da shi. Muryar yaro namiji takan fashe wajen shekara 13 ko 14, daidai lokacin da ya fi ƙwarewa, sai a ɗan dakatar da shi ko a mayar da shi sahun masu murya mai kauri. Wanda ya kai 18 kuma ya tafi. Kowace shekara ana komawa ga sababbin yara da ba su iya karanta alamomin kiɗa ba. Mafi yawansu ba za su zama mawaƙa ba, likitoci ne da malamai da 'yan kasuwa na gobe. Saboda haka wanda ya shiga aikin domin tafi da suna, ko wace hanya ya bi, zai gaji da wuri. Wanda ke daɗewa shi ne mai jin daɗin koyarwa ita kanta.

Inda hanyoyin suka fi rabuwa shi ne ranar da malam ya sauka. Ƙungiyar Leipzig ta ga mutuwar Bach, ta ga yaƙin duniya biyu, ta ga mulkin Nazi da na gurguzu a Jamus ta Gabas, ba ta daina waƙa ba, domin ba a kan mutum ɗaya ta tsaya ba. Tana da gini, da kasafi, da tsarin naɗa magaji. Ƙungiyar da mutum ɗaya ya kafa kuwa, sau da yawa amanar iyaye da ta masu bayar da kuɗi a kan sunansa take rataye, kuma ba a sanin ƙarfinta sai bayan tafiyarsa.

A nawa hukuncin, matashin malami da ke zaune a inda babu tsohuwar kujera, ko a coci yake, ko a Islamiyya inda ɗalibai ke rera ƙasidu, ko a makarantar boko, hanyar Núñez da Schmitt ce ta fi dacewa da shi, domin ita ce ke kaiwa ga yaron da ba wanda ya tuna da shi. Amma kada ya ɗauka ya gama aiki don yaransa sun iya waƙa. Tun yana da ƙarfinsa ya rubuta tsarin koyarwarsa, ya kafa kwamitin da zai riƙe kuɗi ba aljihunsa ba, ya jingina ƙungiyar da wata makaranta ko cibiya mai ɗorewa, ya kuma horar da biyu ko uku daga tsofaffin ɗalibansa har su iya jagorantar atisaye ba ya nan. Wanda ya kafa ƙungiya bai cika malami ba sai ya bar kujerar da wani zai iya gada.