LIYAFA A BAKIN RUWAN KUZA: INA MUTUMIN JOS ZAI TARA BAƘINSA?

Mutumin Jos da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal, idan Allah ya kawo lokacin aurar da ɗa ko 'ya, gida ya kan nufa. A kudu a ke tara kuɗin, amma a gida a ke kashe su. To, da zarar an sa rana sai magana ta taso: ina za a yi liyafa? A da wannan ba abin shawara ba ne, ƙofar gida ce, a kafa rumfa, a shimfiɗa tabarmi, a aro kujeru daga makarantar unguwa. Yanzu kuwa yara sun ce sai dina, waɗansu ma sun ce lalle sai a bakin ruwa, don sun ga yadda masu hali ke yi a Ikoyi.

Mai karatu zai ce ina Jos ina bakin ruwa? Gari ne a kan dutse, bisansa ya kai ƙafa 4,000, ba teku, ba babban kogi sai rafin Dilimi. Amma fa akwai tafkuna, har da yawa, sai dai ba haka Allah ya halicce su ba. Ramukan kuza ne.

Tun farkon zuwan Turawa, wajen 1903, Kamfanin Neja ya aiko mutanensa su bi sawun kuzar da fatake ke kawowa, har suka kafa sansani a Naraguta. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, babban layi kuma ya biyo ta Kafancan a 1927. Kakannin da yawa daga cikinmu a wannan zamani suka zo, daga Kano da Katsina da Bauci da Barno, wasu don kansu, wasu kuwa tilas, musamman lokacin ɗiban gwamna, sa'ad da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta matsu da kuza. Kamfanoni suka yi ta haƙa da manyan injuna, suka bar ramuka masu zurfi a Bukuru da Barikin Ladi da Rayfield. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage na sana'ar ya durƙushe, ruwan sama da na ƙasa suka cika ramukan.

Ɗaya daga cikin waɗannan tafkuna shi ne gwamnatin Jihar Filato ta mai da wurin shaƙatawa na Rayfield, kudu da gari. A nan ne mutanen Jos suka saba da cin gasasshen kifi a gefen ruwa, da shiga kwalekwale ran Salla da ran Kirsimati, da kafa rumfunan biki. Wurin ya na da kyau, ba ƙarya, musamman da la'asar sakaliya in rana ta faɗa kan ruwan. Sai dai duk wanda zai kai jama'a can ya riƙa tunawa da asalin tafkin. Ramin kuza ba ya da gangare irin na kogi, inda yaro zai taka ruwa ya kai masa idon sawu ya komo. Daga gaɓa sai zurfi. Irin waɗannan kududdufai sun ci mutane da dabbobi ba adadi a ƙasar Filato. In za a je da ƙananan yara, a sa manya biyu ko uku waɗanda ba su da wani aiki ran nan sai tsaronsu. Iyaye mata ba za su iya ba, hankalinsu na wajen amarya.

Wanda ya fi son tsohon wuri mai tarihi kuwa, sunan da zai fara zuwa bakinsa shi ne Hill Station, otel ɗin da aka buɗe a 1938 a kan hanyar Tudun Wada. Don Turawa aka gina shi, watau ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni waɗanda zafin Lakwaja da Ikko ya gallaba, su hau dutse su sha iska su murmure. Bayan mulkin kai sai ya zama wurin manyanmu. Duk wanda aka yi wa liyafar ban kwana ko ta ƙarin girma a can cikin shekarun 1970, to, ya san ya isa. Daga baya otel ɗin ya ja baya ƙwarai, kamar yadda dukiyar gwamnati ta saba, an kuma sha yin alkawarin gyara shi. Saboda haka kada wani ya zauna a Agege ya yanke shawara bisa abin da ya gani shekara talatin da suka wuce. A aiki ɗan'uwa ya je ya gani da idonsa tukuna.

Ba mu kaɗai ne tsohon gidan abinci ya taɓa lalacewa a hannunmu ba. A Faransa, a wani tsibiri cikin kogin Sen kusa da Faris, akwai gidan abinci mai suna Maison Fournaise, inda masu wasan kwalekwale ke taruwa su ci su sha, har wani shahararren mai zane, Renoir, ya zana su a barandar gidan wajen 1881. An rufe shi a 1906, ya yi shekaru ya na zubewa. Hukumar garin Chatou ce ta saye shi a 1979, ta gyara, aka sake buɗewa a 1990. Abin lura a nan shi ne, ƙaramar hukuma ce ta jagoranci wannan aiki.

Amma a ganina wurin da ya fi dacewa da labarinmu, mu mazauna kudu, ya na cikin harabar Gidan Kayan Tarihi na Jos. Wani Bature, Bernard Fagg, shi ya kafa gidan a 1952 don ajiye gumakan yumɓu na Nok, waɗanda su ma masu haƙar kuza ne suka tono su. A cikin harabar aka gina wani zaure bisa fasalin gidan basaraken Bini, aka mai da shi gidan abinci, aka raɗa masa suna Bight of Benin. Wannan kuwa sunan yankin tekun nan ne da Ikko ke bakinsa. Ka ji abin mamaki: mai sayar da goro a Agege shi ke zaune kusa da ainihin ruwan, amma sunan ya na can kan dutse inda ko kwalekwale babu. Ɗaliban da UNESCO ta riƙa kawowa daga ƙasashen Afirka tun 1963 don koyon aikin adana kayan tarihi, masu jin Ingilishi da masu jin Faransanci, a wannan haraba suka yi karatu. Kusa da nan kuma ga gidan namun daji, ga kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. Baƙon da ka ɗauko daga Ikko, Bayarabe ko Ibo, ba zai rasa abin kallo ba kafin a sauke tukunya.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, wadda ba a cika son faɗarta a fili ba. Tun rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, garin Jos ya rabu. Mutane sun sayar da gidajen gado sun koma inda 'yan addininsu suka fi yawa. Akwai unguwar da Musulmi ba ya son dare ya yi masa a ciki, akwai wadda Kirista ba ya so. Babbar kasuwar Taminus da ke haɗa kowa da kowa ta ƙone a 2002. Saboda haka in ka yi liyafa a ƙofar gida a Unguwar Rogo ko Gangare, abokinka da kuka yi firamare tare, wanda ke zaune a Kabong ko Jenta, zai aiko da gudummawa da ban haƙuri, amma da wuya ka ga ƙafarsa. Shi ma in ya yi nasa haka za ka yi masa. Amfanin wurare irin su harabar gidan tarihi da tsofaffin otel-otel na tsakiyar gari ke nan: ba na unguwar kowa ba ne, kowa na iya zuwa ya koma. Mu da ke kudu mun fi kowa sanin darajar wannan, don a Sabo ta Badun ko Idi-Araba, ɗan Jos ɗan'uwan ɗan Jos ne, ba a tambayar sunansa na fari. Abin kunya ne a ce mutanen da ke cin abinci kwano ɗaya a Ikko sun je gida sun kasa zama a rumfa ɗaya.

In an tsai da wuri, saura sharuɗɗa, kuma a yi su a rubuce. A tambaya ko za a yarda a rufe wurin sayar da giya har a tashi. A tambayi wanda zai yanka dabbar, in da hali ma ka kai mahaucinka. A nemi inda za a yi alwala da salla, don liyafar da aka fara da azahar ba ta ƙarewa sai ta haɗa da la'asar. Game da abinci, kada a tsaya kan shinkafa dafa-duka kamar ana Ikko. Kabeji da karas da dankalin Turawan da 'yan'uwanmu ke saukewa a Mil 12, ai daga Filato a ke loda da yawansu, a kasuwar Farin Gada kuwa da raɓarsu za ka saya. A sa gwaten acca a gefe, a sa masa da miyar taushe, tsofaffi za su sa albarka.

Sai lokaci. Daga Yuli zuwa Agusta ruwan Jos ba ya sallama, rumfar bakin tafki ba za ta yi ba. A Disamba da Janairu kuwa, sa'ad da yawancinmu ke samun zuwa gida, sanyi na sauka tun kafin magariba, baƙon da ya zo daga Fatakwal da 'yar shara zai sha wuya. Tun da gwamnati ta hana acaba a cikin Jos da Bukuru a 2012, komawa gida da dare sai da shiri. A ɗauki shatar bas ɗaya ko biyu, a fara da wuri, a sallami jama'a da sauran rana.