Adis Ababa: Abin da baƙo ke gani a finjalin gahawa da faifan injera

Akasarin mutanenmu da suka san Adis Ababa ta tagar jirgi suka san ta. Nan ake ya da zango a kan hanyar Jidda ko Dubai ko ƙasar Sin, a yi 'yan sa'o'i a filin jirgin sama na Bole, a wuce. Waɗanda suka shiga cikin gari kuwa galibi taron Tarayyar Afirka ne ya kai su, daga masauki sai zauren taro. A ganina duk wanda ya yi haka ya baro garin bai gan shi ba, domin Adis Ababa a bakin murhu take bayyana halinta. Kwana tara na yi a cikinta, kuma abin da na fahimta game da tarihinta da addinanta da tattalin arzikinta, mafi yawansa a wuraren ci da sha na tsince shi.

Birnin ba tsoho ba ne idan aka kwatanta shi da Aksum ko Harar. A shekarar 1886 Sarki Menelik na Biyu da matarsa Taitu suka kafa shi, kuma ma'anar sunan a harshen Amhara ita ce sabon fure. Yana zaune ne a kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300 daga gaɓar teku, shi ya sa baƙo kan ji numfashinsa na sarƙewa a kwanakin farko, safiya da maraice kuma sanyi ne mai ratsa ƙashi. Wanda ya ɗanɗani wannan sanyi ba zai yi mamakin ganin mutane sun dogara da abin sha mai zafi ba.

Gahawa, wadda suke kira buna, ita ce ƙofar shiga garin. A kusan kowace kusurwa za ka tarar da mace zaune a kan 'yar kujera, gabanta murhun gawayi da ƙaramin teburi jere da finjalai, an barbaza ɗanyar ciyawa a ƙasa, hayaƙin lubban na tashi. Ba a kawo maka gahawa daga wani ɗaki na ɓoye. A gabanka za ta wanke ɗanyun 'ya'yan, ta soya su a kasko har su yi baƙi su fara maiƙo, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi ƙamshin, sannan ta daka a turmi, ta zuba garin a wata tukunyar yumɓu mai dogon wuya da ake kira jebena. Duk Bahaushen da ya zauna a Sudan zai gane sunan nan take, domin can ma jabana ake cewa. Idan ta tafasa sai a sauke, a jingine tukunyar gari ya kwanta, sannan a tsiyaya daga sama, ba tare da an katse zubin ba har finjalai su cika.

A gida, inda ake cika al'adar, zagaye uku ake yi. Na farko shi ne abol, mai ƙarfi. Na biyu tona. Na uku baraka, kalmar da ba ta buƙatar fassara a wurinmu. Ana haɗawa da gugguru ko soyayyen sha'ir, wasu su jefa ɗan ganyen tena adam a finjali, a wasu yankunan kuma gishiri ko man shanu ake sa wa a madadin sukari. Zaman kan ci sa'a guda ko fiye, kuma tashi kafin zagaye na uku rashin ladabi ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da wannan zama ke yi. A nan maƙwabta ke jin labarin juna, a nan ake sasanta saɓani, a nan ake fara maganar aure. Matsayin da goro yake da shi a zaurukanmu, kusan shi gahawa take da shi a can, sai dai ita tana tilasta wa mutum ya zauna.

Akwai tatsuniyar da ake ba kowane baƙo, ta wani makiyayi mai suna Kaldi da ya ga awakinsa na tsalle bayan sun ci 'ya'yan wata bishiya. Tatsuniya ce kawai. Abin da masana suka tabbatar shi ne, asalin bishiyar gahawa nau'in Arabika dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ne, kuma sufayen Yaman sun riƙa shan ta a ƙarni na 15 domin raya dare da ibada. Daga Larabci kalmar gahawa ta shigo Hausa. Wani abin lura kuma, cocin Otodoks na Habasha ya daɗe yana ƙyamar gahawa a matsayin abin shan Musulmi, sai a ƙarshen ƙarni na 19 ƙyamar ta gushe. Abin da a yau ake ɗauka alamar haɗin kan ƙasa, a jiya alamar rarrabuwa ne.

Gahawar birnin tana da fuska ta biyu, wadda Italiya ta bari. Sojojin Italiya sun mamaye ƙasar daga 1936 zuwa 1941, suka tafi, amma injin tace gahawa da tururi ya zauna. A shagon Tomoca, wanda aka buɗe a 1953 a unguwar Piyasa, a tsaye ake sha. Mutum ya biya, ya karɓi ƙaramin kofin makiyato, wato gahawa mai kauri da aka ɗiga wa madara mai kumfa, ya kurɓe cikin minti biyar ya kama gabansa. Ma'aikacin banki da direban tasi kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. Habashawa sun karɓi abin baƙo sun mayar da shi nasu, ba tare da sun yar da jebena ba.

A nan ne maganar ta wuce ta ɗanɗano. Habasha ce ta ɗaya a Afirka wajen noman gahawa, kuma kusan rabin abin da take nomawa 'yan ƙasa ne ke shanyewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, idan aka tuna ƙasashen Afirka da dama na noma abin da ba sa ci, suna cin abin da ba sa nomawa. Manomin da ke da kasuwa a gida yana da madogara ranar da farashin duniya ya faɗi. Sai dai gwamnati na ƙishirwar kuɗin ƙasashen waje, don haka doka ta daɗe da hana sayar da gahawar da ta kai darajar fitarwa a kasuwar cikin gida. Ma'ana, baƙon da ya zo mahaifar gahawa akasari wadda ba ta ci jarrabawar fita ba yake sha, mafi kyawun tana Jamus da Japan da Saudiyya da Amurka. Duk da haka daɗinta ya isa ya sa mutum ya raina gahawar gwangwani da muka saba.

Ƙasar ta kuma yi faɗa a kan sunayenta. A 2006 takaddama ta ɓarke tsakaninta da kamfanin Starbucks na Amurka game da mallakar sunayen Sidamo da Harar da Yirgacheffe, yankunan da gahawarsu ta yi suna a duniya. Hujjar Habasha ita ce, ana sayar da gahawa da tsada saboda waɗannan sunaye, alhali manomin da ya sa sunan ya yi daraja ba ya ganin ribar. A 2007 aka cim ma yarjejeniya, kamfanin ya amince da haƙƙin ƙasar.

Idan aka koma kan abinci, komai a kan injera yake hawa. Wani faffaɗan gurasa ne mai laushi da tsami da ƙananan ramuka, ɗan'uwan sinasir ɗinmu da kisirar Sudan. Da garin tef ake yin sa, wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi kamar acca, a jiƙa ƙullun ya kwana biyu ko uku ya yi tsami, sannan a zuba a faffaɗan kaskon yumɓu. Shi ne faranti, shi ne cokali, shi ne abincin. Ana shimfiɗa shi a babban tire, a ɗora miya iri-iri a kai, kowa ya sa hannun dama. Akwai doro wat, miyar kaza da dafaffen ƙwai wadda ake daɗe ana soya albasarta da yajin berbere. Akwai tibs, soyayyen nama. Akwai shiro, miyar garin wake, abincin talaka da mai kuɗi ba ya rainawa. Idan mai masaukinka ya naɗe loma ya kai bakinka, kada ka kauce. Gursha ke nan, alamar girmamawa.

Addini ne ke tsara abin da ke kan tiren. Kiristocin Otodoks na azumin Laraba da Juma'a, ga babban azumi na kwana 55 kafin Ista, kuma a ranakun nan ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu. Wannan ya haifar da beyaynetu, tiren injera mai ɗauke da miyar wake kala-kala da ganye da kabeji da dankali. Ga Musulmin da ke baƙunta, wannan tire mafita ce, domin babu shakkar yanka a cikinsa.

Maganar yanka kuwa babba ce a can. Rumfunan mahauta na ɗauke da alama: gicciye a ta Kirista, jinjirin wata a ta Musulmi. Kamar yadda Musulmi ke neman yankan Musulmi, haka Kiristan Otodoks ke guje wa naman da ba nasu ne ya yanka ba, kuma dukansu ba sa cin alade. A bukukuwan da suka haɗa ɓangarorin biyu akan yanka dabba biyu, kowa da tukunyarsa, a zauna a rumfa ɗaya. A Markato, babbar kasuwar birnin, masallacin Anwar da cocin Raguel maƙwabtan juna ne, kuma a gidajen abincin Musulmi na kewayen ne na fi samun natsuwa, da karin kumallon ful da shayi mai kayan ƙamshi. Ban ce babu saɓani a ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta Musulmi ne ba. Abin da na gani shi ne, sun amince cewa bambancin tukunya ba ya hana zama wuri ɗaya. Abu guda da zan gargaɗi baƙo a kai shi ne kitfo da tere siga, wato niƙaƙƙen nama da yankakken nama da ake ci ɗanye. Wanda cikinsa bai saba ba ya nemi a dafa masa sosai.

Ba zai yiwu a yi bayanin teburin Adis Ababa a tsallake giya ba, ko da mai bayanin ba ya sha, kamar ni. Giyar gargajiyarsu ita ce tej, wadda ake yi da zuma da ruwa da itacen gesho, a bar ta ta yi makonni, a sha a wata kwalba mai dogon wuya da ake kira berele. A da abin shan sarakuna da fadawa ne. Akwai kuma giyar inabi: tsohon kamfanin Awash, da kamfanin Castel na Faransa da ya dasa gonar inabi kusa da Ziway a 2007 ya fara fitar da kwalabe a 2014. Sanin waɗannan na da amfani ga Musulmi, domin tej launin ruwan lemo gare ta, kuma wanda bai sani ba zai iya ɗauka lemo ce. Akwai 'yar'uwarta birz, ruwan zuma da ba a bari ya yi ƙarfi ba, amma shi ma yana juyewa idan ya kwana biyu, don haka a tambaya kafin a kurɓa. Mafi aminci shi ne spris, markaɗaɗɗen mangwaro da gwanda da fiya da ake jerawa hawa-hawa a kofi ɗaya, ko ruwan Ambo mai kumfa. Ko sau ɗaya ba a matsa mini ba bayan na ce ba na sha.

Duk wannan yana fuskantar barazana ta fuskoki biyu. Ta farko rusau ne. A 2024 hukumomi sun rushe babban ɓangare na Piyasa a ƙarƙashin shirin faɗaɗa tituna da ƙawata birni. Titunan sun yi faɗi, fitilu sun haska, amma tsofaffin shagunan gahawa da gidajen abinci da dama sun tafi, an kwashe mazauna zuwa bayan gari. Ana iya sake gina bango, amma mutanen da suka shekara talatin suna haɗuwa a shago ɗaya ba sa sake taruwa idan aka warwatsa su. Ta biyu tsadar rayuwa ce. Tun bayan da aka saki kuɗin ƙasar, bir, kasuwa ta yi masa farashi a watan Yulin 2024, darajarsa ta faɗi ƙwarai. Baƙo mai dala yana ganin araha, mai albashin bir kuwa yana lissafi kafin ya sayi tef.

Shi kansa tef ɗin ya taɓa kusan suɓuce musu. Wani kamfanin ƙasar Holan da ya ƙulla yarjejeniya da Habasha a 2005 ya je ya yi rajistar mallakar fasahar sarrafa garin tef a Turai, hatsin da Habashawa suka shekara dubbai suna nomawa. Sai a 2018 wata kotu a birnin Heg ta yanke hukuncin cewa rajistar ba ta da inganci a ƙasar Holan.

Wannan labari ne ya fi tsaya mini a rai, domin muna da irin abin da za a iya yi wa haka. Accar da ake nomawa a Filato da Bauci da kudancin Kaduna ta fara samun kasuwa a Turai da Amurka, kuma saboda dalilan da suka sa tef ya samu. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba ana noman gahawar Arabika, amma da wuya ka ga mai shayi a Kano ko Yola da ya taɓa dafa ta. Habashawa sun iya tsayawa gaban manyan kamfanoni ne saboda abin da suke karewa yana kan teburinsu kullum, sun san darajarsa kafin baƙo ya gaya musu. Tambayar da ta kamata jami'o'inmu da ma'aikatun gona da na ciniki su amsa ita ce: wa ya rubuta sunan acca da kilishi a matsayin namu, kuma a wace takarda? Tun kafin a yi daram ake yin kwandi.