Asma: Dalilin rawar hannu da bugun zuciya bayan shaƙar magani

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe Abuja har Dutsen Aso ya ɓace wa ido, sai sassan gaggawa su fara karɓar masu asma da numfashi ya sarƙe musu. Daga Asibitin Ƙasa zuwa asibitocin Kubwa da Nyanya, abin da akan fara yi shi ne a ɗora wa mara lafiya na'urar nebulaiza, ya shaƙi maganin salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin.

Cikin 'yan mintuna ƙirji yakan saki. Sai dai a nan ne hankalin uwa kan tashi, domin za ta ga hannun ɗanta yana rawa, ta dafa ƙirjinsa ta ji zuciya tana dukan uku-uku. Wasu iyayen har sukan janye na'urar, su ce maganin bai karɓi yaron ba.

Yawan maganin ne ke jawo haka. Fesawa ɗaya ta inhela maikirogiram 100 ce, amma a nebulaiza akan zuba miligiram 2.5 zuwa 5, kuma ana iya maimaitawa duk bayan minti 20 a sa'ar farko. Aikinsa shi ne ya sassauta naman da ya matse hanyoyin iska a huhu, amma wani kaso yakan shiga jini ya taɓa zuciya da tsokar hannu. Daga nan ake samun karkarwa, saurin bugun zuciya, ciwon kai da rashin natsuwa. Galibi sukan lafa cikin 'yan sa'o'i, idan ƙarfin maganin ya ragu.

Akwai kuma illolin da ido ba ya gani. Maganin yakan rage sinadarin fotasiyam a jini, abin da ke kawo kasala da ɗaurewar jijiya, in ya tsananta ya rikita bugun zuciya. Yakan ɗaga sukari, musamman idan an haɗa shi da maganin siteroyid. Haka nan yana iya tara tsami a jini, mutum ya riƙa haki kamar asmar ce ta ƙaru. Shi ya sa likita ke lura da bugun zuciya da iskar oksijin, wani lokaci ya sa a gwada jini. Mai ciwon zuciya, ciwon sukari, ko mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ya sanar da likita tun da farko.

Duk da haka, rawar hannu ba hujjar dakatar da magani ba ce a lokacin da numfashi ya sarƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa asma ta kashe mutum 455,000 a shekarar 2019. Illar maganin tana wucewa, amma rashin iska ba ya jira.

Babban haɗarin yana gida, inda mutum zai yi ta fesa inhela dare guda don gudun zuwa asibiti. Maganin yana buɗe hanyar iska ne kawai, ba ya kwantar da kumburin da ke haddasa cutar. Don haka tun 2019 ƙungiyar GINA mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya ta daina ba manya da matasa shawarar dogaro da shi kaɗai. Wanda ke ƙarar da inhela uku ko fiye a shekara ya nemi likita ya ba shi maganin kariya.

A garzaya asibiti idan mara lafiya ya kasa kammala magana, ko leɓensa ya sauya launi, ko barci ya fara rinjayarsa, ko ya ji ciwon ƙirji. A ci gaba da fesa masa maganin a hanya, kuma a gaya wa likita sau nawa aka fesa da lokacin da aka fara.