Cizon sauro a Kurfai: susa ba magani ba ce

Da zarar damina ta cika tabkunan Dallol Boso, fataken da ke kwana Filinge jajibirin kasuwar Lahadi sun san abin da ke jiransu. Yawun da macen sauro ke zubawa cikin fata shi ke haddasa ƙaiƙayi. Susa kuwa ƙara shi take yi, har ta zama gyambo, musamman ga yara. A wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma jiƙaƙƙe da ruwan randa minti 10, a yanke wa yara akaifa.

Ƙaiƙayi na wucewa cikin ƴan kwanaki. Abin tsoro shi ne masassarar da kan biyo bayan kwana 10 zuwa 15. In ta zo, sai gwajin jini a likita, kada a tsaya ga ƙwayoyin ƴan tebur. Wanda zai kwana kasuwa kuma ya taho da sangensa.