Dalilin Da Ya Sa Shafin Kamfani Ke Canza Kama Daga Waya Zuwa Waya

SULEJA, Jihar Neja — Yawancin 'yan kasuwar da ke ba da kwangilar buɗe musu shafi a intanet sukan duba aikin ne a kan kwamfutar wanda ya yi shi, su ga komai ya zauna daram, su biya kuɗi. Sai daga baya ƙorafi ya fara zuwa daga masu sayen kaya: wani ya ce alamar naira ta koma ɗan akwati, wani ya ce sunan kamfanin ya cakuɗe da wasu baƙin alamomi, wani kuma ya ce hoto ya danne wurin da za a latsa a biya kuɗi.

Wannan lamari ya shafi Suleja ƙwarai. Garin, wanda shi ne ainihin Abuja kafin a ba sabon babban birnin tarayya sunan bayan shawarar da gwamnati ta yanke a 1976, yana bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma daga nan ake ratsewa zuwa Minna. Saboda haka ɗan kasuwar da ke da shago a Kasuwar IBB yana hulɗa da ma'aikacin gwamnati mai riƙe da iPhone, da ɗan sari mai Tecno ko Infinix, da kuma mutumin ƙauye mai ƙaramar itel da ke tsimin data. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, ciniki ta waya ya ƙaru matuƙa. Duk shafin da bai fito daidai a ɗaya daga cikin wayoyin nan ba, to mai shi ya rufe wa wani rukunin masu saye ƙofa ba tare da saninsa ba.

Tushen Matsalar

Shafin intanet bai zo wa mai karatu a matsayin hoto gamamme ba. Umarni ne a rubuce da ake aika wa manhajar da ke buɗe shafuka, wadda ake kira burauza, ita kuma ta zana shi gwargwadon fahimtarta da kuma kayan aikin da ta tarar a cikin na'urar. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kamfanonin Netscape da Microsoft na Amurka ke gasar mallake kasuwa, kowannensu ya riƙa ƙirƙiro nasa dokoki, har ta kai ana rubuta wa masu karatu sunan burauzar da ta fi dacewa da shafi. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ce ta ɗauki nauyin daidaita ƙa'idojin, kuma a watan Disambar 1996 ta fitar da ƙa'idar CSS ta farko, mai kula da fasalin shafi.

A yau bambancin ya ragu, musamman tun da Microsoft ta yi wa Internet Explorer ritaya a watan Yunin 2022. Amma har yanzu injina uku ne ke zana shafuka: Blink, wanda Chrome da Edge da Opera da Samsung Internet ke aiki da shi, WebKit na Safari, sai Gecko na Firefox. Idan shafi ya lalace, akasari ɗayan abubuwa uku ne ya faru, kuma kowanne da maganinsa.

Na Farko: Lambobin Haruffa

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohon tsarin ASCII na shekarun 1960 yana da gurabe 128 kacal, waɗanda aka tanada domin Ingilishi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu alamar naira. Haruffan Hausa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, amma shigarsu kwamfuta ta ɗauki lokaci. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba kowannensu lambarsa ta dindindin: ɓ tana da 0253, ɗ tana da 0257, ƙ tana da 0199, alamar ₦ kuma 20A6.

Hanyar da aka fi bi wajen adana waɗannan lambobi ita ce UTF-8, wadda aka tsara a 1992, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na shafukan duniya da ita suke aiki. Idan aka rubuta shafi da UTF-8 amma ba a shaida wa burauza haka ba, sai ta yi hasashe, wani lokaci ta karanta shi da tsohon tsarin Yammacin Turai. A nan ne ƙ ke komawa Æ™, ɗ ta koma É—, alamar naira kuma ta zama â‚¦. Duk wanda ya ga irin waɗannan alamomi a shafinsa, to ya san inda cutar take. Maganin shi ne a bayyana UTF-8 a saman kowane shafi, a kuma tabbatar cewa rumbun da ake ajiye sunayen kaya da farashinsu da babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin duk a kan tsari ɗaya suke.

Akwai kuma gadon shekarun baya. Kafin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa sun dogara da wasu zubin haruffa na musamman da ke ɗora ƙ da ɗ a gurbin wasu alamomi. Sun yi amfani sosai a zamaninsu, amma idan aka kwafo rubutu daga irin waɗannan tsofaffin takardu zuwa intanet, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya. Irin wannan rubutu sai an juya shi zuwa Unicode kafin a ɗora shi.

Na Biyu: Zubin Haruffa

Lamba tana iya zama daidai amma a rasa siffar da za a zana. Kowane zubin haruffa yana da iyakar abin da ya ƙunsa, kuma da yawa daga cikin masu ƙayatarwa an ƙera su ne domin harsunan Turai kawai. Idan burauza ta nemi ƙ ba ta samu ba, sai ta aro daga wani zubin da ke cikin na'urar, shi ya sa akan ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa girma ko kauri a tsakiyar kalma. Idan ba ta samu inda za ta aro ba, sai ta ajiye ɗan akwati. Tunda abin da ke cikin Tecno ya bambanta da na iPhone ko kwamfutar ofis, sakamakon ma sai ya bambanta.

Wasu masu haɗa shafuka sukan guje wa wahalar ta hanyar cire lanƙwasar gaba ɗaya. Wannan gyaran gangar auzinawa ne, domin a Hausa lanƙwasa ce ke raba kaya da ƙaya, kafa da ƙafa, saka da saƙa, ƙari da kari. Haka nan masu sa alamar # ko =N= a madadin ₦ suna rage wa shafinsu kwarjini, alhali kuɗin da aka fara kashewa tun 1 ga Janairun 1973 yana da alamarsa tabbatacciya.

Hanya mafi inganci ita ce a zaɓi zubin da ya ƙunshi haruffan tun farko, a kuma aika shi tare da shafin. Akwai na kyauta masu kyau, kamar Noto Sans na kamfanin Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL. Sai dai a lura: domin rage nauyin shafi, wasu sukan datse zubin su bar haruffan Ingilishi kaɗai, ta haka sai na Hausa su salwanta. Kazalika ya kamata a jera zubi na biyu da na uku da burauza za ta koma musu, domin Opera Mini, idan aka sa ta a matakin tsimin data mai tsanani, ba ta sauke zubin da shafi ya zo da shi. Mai hulɗa da 'yan kasuwar Maraɗi ko Damagaram kuma ya tuna cewa a Jamhuriyar Nijar ana rubuta ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Na Uku: Fasalin Shafi

Idan rubutu ya fita daga gefen allo, ko hoto ya hau kan farashi, matsalar ta fasali ce. Abu na farko da za a duba shi ne layin DOCTYPE da ke buɗe shafin. In babu shi, burauza takan koma bin ƙa'idojin shekarun 1990 wajen auna faɗi da tazara. Na biyu shi ne umarnin da ke gaya wa waya ta yi aiki da ainihin faɗin allonta. In babu shi, wayoyi da yawa sukan ɗauka faɗin shafin ɗigo 980 ne, su matse shi har rubutun ya ƙi karantuwa. Na uku shi ne ƙayyade faɗin abubuwa da adadin ɗigo tsayayye a maimakon kaso na allo. Tun 2010, lokacin da Ethan Marcotte ya yaɗa dabarar shafi mai daidaita kansa da girman allo, wannan ya zama abin da ake tsammani daga kowane ƙwararre. Bugu da ƙari, Google na duba yadda shafi yake a waya ne wajen tantance matsayinsa a sakamakon bincike, don haka shafin da ya lalace a waya yakan yi ƙasa a jeri.

Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi

Ba a bukatar mai shago ya koyi rubuta umarnin kwamfuta. Abin da ake bukata shi ne ya ɗauki shafin kamar kowane kaya da aka kawo masa, ya duba kafin ya biya. Ya kamata yarjejeniyar aikin ta ambaci UTF-8, da zubin da ya ƙunshi haruffan Hausa da alamar naira, da sunayen burauzar da dole shafin ya yi aiki a kansu. Ya kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gwada.

Gwajin kansa ba ya cin kuɗi. A rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ tare da farashi mai alamar ₦ a kanun shafi da cikinsa da kuma rasidin da ake aika wa mai saye. A buɗe shi a Chrome a kan waya mai araha, a Safari a kan iPhone, a Opera Mini, da kuma Firefox a kan kwamfuta. A bi matakan saye daga farko har wurin biya, a inda sabis ke da rauni. A maimaita hakan duk lokacin da aka yi wa shafin gyara.

Suleja gari ne da aikin hannunsa ya yi suna a duniya tun zamanin Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta garin a 1954, kuma hotonta ke kan takardar ₦20. Masu sana'a da 'yan kasuwar garin da ke neman masu saye a Abuja da Legas da ƙasashen waje suna da abin sayarwa. Amma mai saye daga nesa ba ya taɓa kaya da hannu, shafin kawai yake gani, kuma da shi yake yanke shawarar ko zai tura kuɗinsa.