Ɗaukar kurtu bashi ne na shekara 35

Duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye, maganar da ke tashi a majalisa da WhatsApp ɗaya ce: "Ga matasa nan birjik suna zaman kashe wando, me zai hana gwamnati ta ɗebi dubu ɗari biyar ta ba su kaki a huta?" Na gaji da jin wannan lissafin dokin rano. Mai faɗinsa yana ganin ranar faretin yaye kurata ne kawai, ba ya ganin abin da ke biyo baya.

Doka ta ce ɗan sanda yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. To ashe ranar da gwamnati ta ɗauki kurtu, ta sa hannu ne a kan albashin wata 420, ga ƙarin girma, ga gida a bariki, ga magani, ga fansho. Kuma tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tal a ƙasar, don haka duk nauyin nan a kan kasafin tarayya yake, kasafin da a 2025 aka ware sama da naira tiriliyan 14 daga cikinsa don biyan bashi kaɗai.

An ma taɓa gwada wannan shawara. Daga shekarar 2000 Obasanjo ya ba da umarnin a riƙa ɗaukar mutum 40,000 duk shekara har tsawon shekara biyar. Kwalejojin 'yan sanda na Ikeja, Kaduna, Maiduguri da Oji River ba a gina su don irin wannan tururuwa ba. Aka cusa mutane, aka yi musu horon sha-yanzu-magani-yanzu, aka fito da su titi. Kwamitin M.D. Yusufu na 2008 ya soki yadda aka yi ɗibar ba tare da tantancewar kirki ba. A 2013 da tashar Channels ta nuna yadda kurata ke kwana da cin abinci a kwalejin Ikeja, sai da Shugaba Jonathan ya je da kansa ya gani.

Ga kuma abin da masu cewa a ɗebi jama'a ba sa lissafawa. Waɗanda suka shiga tare, tare za su fita. Ɗiban 2000 zuwa 2004 zai cika shekara 35 daga 2035 zuwa gaba kaɗan, wato cikin 'yan shekaru rundunar za ta yi sallama da ɗimbin sufetoci da manyan da suka san aiki, a daidai lokacin da jama'ar ƙasa ke ƙaruwa: miliyan 140 a ƙidayar 2006, sama da miliyan 200 yau. Kurtun da aka ɗauka bana ba zai maye gurbin mai binciken da ya shekara talatin yana bin sawun ɓarayi ba. Ana buƙatar ƙarin 'yan sanda, wannan ba gardama, amma ɗiba kaɗan-kaɗan duk shekara ba fashi ita ce hanya. Mu kuwa shekaru muka ɓata Sufeto Janar da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda suna shari'a a kan wa ke da ikon ɗauka, sai a 2023 Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya.

Albashin ma haka. Bayan zanga-zangar EndSARS, gwamnatin Buhari ta amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari a ƙarshen 2021. Cire tallafin mai a 2023 da tsadar da ta biyo baya suka lashe shi tas.

Wanda yake son ganin ƙarshen hanyar ya tuna tsofaffin 'yan sandan da suka fito zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025, suna neman a fitar da su daga tsarin fansho na karo-karo kamar yadda aka fitar da sojoji. A wannan tsari ma'aikaci yana zuba kashi 8 na albashinsa, gwamnati ta zuba 10. In albashin ƙarami ne, abin da zai taru ƙarami ne. Ɗan sandan da ke shingen hanya yau yana kallon waɗannan dattawa, ya san gobensa ke nan. Wannan ba uzuri ba ne ga karɓar na goro, haram haram ce, amma sai mu san inda ruwan ke shigowa.

Yanzu gare ku iyaye da matasa, don a nan ne takaicina ya fi yawa. Neman aikin ɗan sanda kyauta ne. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi yana da gurbi a hannu, ɗan damfara ne, ko da kuwa da kaki a jikinsa. Kada a sayar da gona ko saniya saboda saƙon WhatsApp. A jira sanarwar Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda kanta. Kada kuma a je kotu a rantse a rage shekaru don a shiga cikin 18 zuwa 25 da ake nema. Ƙaryar za ta bi yaro har furfura, ranar da takardun makaranta da lambar NIN da fayil ɗin aiki suka saɓa wa juna, a lokacin ne kuɗin fanshonsa zai maƙale, ga shi ba ƙarfin zirga-zirgar Abuja.

Wanda ke cikin aiki kuma, ya riƙa duba asusun fanshonsa duk bayan wata uku, ya tabbatar abin da aka cire a albashi ya shiga. Ya gyara sunansa da ranar haihuwa tun yanzu, ya rubuta magajin da yake so, ya sabunta idan ya yi aure ko an yi rasuwa. Ya ajiye takardar ɗaukar aiki da ta kowane ƙarin girma a inda iyalinsa suka sani. Mu sauran jama'a, idan ɗan majalisa ya zo yana alfaharin ya samo wa mazaɓa gurbi ashirin, a tambaye shi nawa aka sa a kasafin bana don horo da gyaran bariki, kuma nawa aka saki a cikin na bara.