Solskjaer: Ɗan Wasan Da Ya Yi Suna Daga Kan Benci

Da yawa daga cikinmu, in an ce mu zauna a benci ranar wasa, sai mu ɓata rai kamar an kore mu daga ƙungiya. To, bari mu duba labarin Ole Gunnar Solskjaer, mutumin ƙasar Norway.

An haife shi a garin Kristiansund a 1973. Ya fara da wata ƙaramar ƙungiya mai suna Clausenengen, ya wuce Molde, sannan a 1996 Manchester United ta Ingila ta saye shi kan fam miliyan 1.5. Mutane kaɗan ne suka san shi a Ingila a lokacin, ga fuska irin ta yaro. Amma a shekarar farko shi ya fi kowa cin ƙwallo a ƙungiyar.

Matsalarsa ita ce ’yan wasan gaba sun yi yawa. A 1998 United ta yarda ta sayar da shi ga Tottenham, inda zai riƙa buga wasa kullum. Ya ƙi tafiya. A ganinmu wannan ce shawara mafi wuya a rayuwarsa ta ƙwallo, domin ya san benci ke jiransa.

Zamansa a benci kuwa ba na hira ba ne. Yakan zuba wa masu tsaron bayan abokan karawa ido, ya ga wanda ya gaji da wanda ke barin wurinsa. In ya shigo, ya riga ya san inda zai bi. A Fabrairun 1999 ya shigo saura ƙasa da minti 20 a tashi, ya jefa wa Nottingham Forest ƙwallo 4, aka tashi 8 da 1.

Ranar 26 ga Mayu, 1999, a Basalona, Bayern Munich ta Jamus na gaba da ci ɗaya a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Lokaci ya cika, Teddy Sheringham ya farke. Can kuma Beckham ya bugo kwana, Sheringham ya sa kai, Solskjaer ya miƙa ƙafa, sai raga. Dukansu biyu daga benci suka taso.

Ya buga wa Norway wasa 67, ya ci 23, ya kuma je gasar kofin duniya ta 1998. Ciwon gwiwa ya hana shi wasa kakar 2004 zuwa 2005 gaba ɗaya, shi ne kuma ya sa ya ajiye takalmi a 2007, bayan ya ci wa United ƙwallo 126 a wasa 366.